Lasisin tuƙi ga wanda ya dawo Zariya daga Nijar

Malam, ka ce ka taso daga Maraɗi ka zauna a Sabon Gari, kana da lasisin Nijar, kana son na Najeriya. Tunda zama ya kawo ka, gara ka yi na nan.

Fara da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da ita. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana ba shi, sai dai ka riƙe fasfo da takardar izinin zama. In takardar ce matsalar, ofishin shige da fice za ka fara zuwa, babu ɗan kamashon da zai warware maka ita.

Daga nan sai makarantar koyon tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita. Ko ka shekara 20 kana jan mota, shaidarsu ake nema kafin a cike fom a intanet. Ka biya kuɗin lasisin, na shekara 3 ko na 5, jami'an VIO masu duba motoci su gwada tuƙinka, sannan a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Za a ba ka na wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito. Rukunin B ne na ƙaramar mota, A na babur.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne suna. Mahamadou a fasfo, Muhammadu a fom, sai aiki ya tsaya cak. Rubuta shi harafi da harafi yadda yake a NIN.

Duk wanda ya ce ka kawo hoto da kuɗi kawai, gobe ka karɓi kati, jabu zai kawo maka, kuma ranar da aka tare ka a Kwangila a nan Zariya aka duba lambar, kai za a riƙe.