Zauren Masu Karatu: Labaran Japan da Hukuncin da Suke Bar wa Mai Karatu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Garwa. A wurin masu kasa tsofaffin littattafai a bakin hanya na sayi littafin Tanizaki, marubucin Japan, da aka fassara zuwa Faransanci da sunan *Quatre sœurs*, wato 'yan'uwa mata huɗu, kuma duk da kaurinsa na karance shi tas, ina jiran ranar da za a aurar da Yukiko. Da na kai shafin ƙarshe sai na tarar da amarya a cikin jirgin ƙasa tana fama da gudawa, shi ke nan labari ya ƙare. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar marubucin ya raina mini hankali. Abin mamaki kuma, tun daga lokacin na kasa cire matan nan daga zuciyata, musamman idan na dubi yayata wadda har yanzu take gida ba ta yi aure ba. Shin ban fahimci littafin ba ne, ko kuwa haka labaran mutanen nan suke?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kin fahimci littafin sarai, kuma hujjata ita ce abin da kika faɗa game da yayarki, domin wanda bai fahimci labari ba mantawa da shi yake yi da zarar ya rufe shi. Ɓacin ran da kika ji yana da asali. Mu da muka tashi da tatsuniya da littattafan soyayya na Kano, kunnenmu ya saba da jiran hukunci a ƙarshe, wato azzalumi ya girbi abin da ya shuka, mai haƙuri ya dafa dutse ya sha romonsa, a ɗaura aure, a rangaɗa guɗa. Babu aibi a cikin wannan tsari, amma Tanizaki bai yi wa kowa alkawarinsa ba.

Saboda waɗanda ba su karanta ba, labarin na 'yan'uwa mata huɗu ne, 'ya'yan wani tsohon gidan fatake a Osaka da arzikinsa ya ja baya amma girman kansa bai ragu ba. Biyu sun yi aure. Ta ukun, Yukiko, ta kai shekara 30 tana gida, saboda a lokacin da gidan yake da ƙarfi an yi ta korar manema ana cewa ba su kai ba. Autarsu Taeko kuwa tana da wanda take so, amma al'ada ta hana ta shiga gaban yayarta. Daga nan sai ganawa bayan ganawa da manema, da aika masu bincike su tono asalin mutum, har aka fasa wani auren da ya kusa ƙulluwa saboda an gano mahaifiyar mutumin tana da taɓin hankali. Babu Bahaushe ko Bafulatanin da zai buƙaci a yi masa bayanin wannan.

Ki sake duba wurin da wani manemi, wanda matarsa ta rasu kuma kowa a gidan ya yaba da shi, ya bugo waya yana neman Yukiko a lokacin da yayarta ba ta nan. Sai da aka yi ta fama da ita kafin ta zo ta ɗauka, da ta ɗauka kuma muryarta ba ta fita, ya gayyace ta su fita tare ta kasa ba shi amsar kirki, mutumin ya fusata, maganar aure ta watse. Wanda ya karanta wannan a Paris yana iya cewa yarinyar ba ta da lafiya. Ke da kike zaune a Garwa, inda kunya take da daraja a gidan Bahaushe da na Bafulatani, kin san budurwar da za ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige da a ce ta yi hira da baƙon namiji a gaban 'yan aiki. Sai dai kada sanin nan ya sa ki tsaya a tausayi kawai. Idan kika lura, shirun Yukiko yana da ƙarfi, da shi take ƙin wanda ba ta so ba tare da ta furta ba, kuma gidan gaba ɗaya yana juyawa ne a kan abin da ba ta faɗa ba. Wadda take biyan kuɗin wannan shiru ita ce Taeko, wadda jira ya tura ta ga abin kunya, ta haihu jaririyar ba ta zo da rai ba, ta kwashe kayanta ta bar gidan ba ganga ba guɗa a daidai lokacin da ake haɗa kayan auren yayarta. To wa aka zalunta a cikinsu, kuma wa ya yi zaluncin? Marubucin ya ajiye miki shaidu ya koma gefe, ya bar miki kujerar alƙali, kuma nauyin wannan kujera ne kike ji har yau.

Yana da kyau ki san lokacin da aka rubuta shi. An fara buga shi kashi-kashi a wata mujalla a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sai hukumomin soja suka dakatar da shi saboda a ganinsu labarin mata da kwalliya da zuwa kallon furanni bai dace da lokacin yaƙi ba. Tanizaki ya ci gaba da rubutunsa, bai kammala fitar da shi ba sai a 1948, lokacin da irin rayuwar da yake bayyanawa ta riga ta ƙone. Wannan ne ya sa yake daɗewa a kan ziyarar da matan suke kaiwa Kyoto kowace shekara don ganin furanni, yayar tana tunanin ko wannan ce ta ƙarshe da za su yi tare. Game da gudawar kuwa, ra'ayina shi ne babu ƙarshen da ya fi ta gaskiya, domin macen da ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana tsoron aure ba, jikinta ne ya faɗa a madadinta.

Idan kina son marubuciyar da take ɗaukar ɓangare ta faɗi ra'ayinta a fili, ga Djaïli Amadou Amal ta Marwa, wadda littafinta kan auren dole da zaman kishi ya ci kyautar adabi ta Goncourt ta ɗaliban lise, wato 'yan babbar sakandare, a 2020. Ki karanta su biyun kusa da juna. Game da yayarki kuma, abin da littafin zai iya ba ki shi ne tambaya guda, wato ko a cikin masu yi mata addu'a da masu yi mata gori akwai wanda ya taɓa zama ya ji abin da ita kanta take so.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kuseri, Faransancina na ciniki ne kawai. 'Yata tana shirin jarrabawar bakaloriya, wato ta kammala sakandare, ta aro wani littafi a Injamena mai suna *Le pauvre cœur des hommes*, kuma bayan ta gama shi na ga ta yi sanyi. Wani abokina ya ce mini marubutan Japan kashe kansu suke yi, littattafansu ma abin da suke koyarwa ke nan. In hana ta ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Akutagawa ya kashe kansa a 1927, Dazai a 1948, Mishima a 1970, kuma babu amfanin a ɓoye maka cewa wannan al'amari yana yawan fitowa a adabinsu, saboda a tarihinsu akwai zamanin da ake kallonsa a matsayin hanyar wanke abin kunya. A addininmu haramcinsa a bayyane yake, ba ya buƙatar muhawara. Amma marubucin littafin da 'yarka ta karanta, Natsume Soseki, ciwon ciki ne ya yi ajalinsa a 1916, kuma ƙasarsa ta girmama shi har ta sa hotonsa a takardar kuɗi ta yen 1,000 daga 1984 zuwa 2004.

Ga abin da ke ciki, domin ka yi hukunci da ilimi. Littafin ya fito a 1914, kuma labarin wani mutum ne da iyayensa suka rasu yana yaro, ƙanin mahaifinsa ya cinye masa dukiyar gado, ya tashi bai yarda da kowa ba, yana ganin kansa shi kaɗai ne mai gaskiya. Yana ɗalibi a Tokyo sai amininsa, wanda shi da kansa ya kawo shi gidan da yake haya, ya gaya masa a asirce cewa yana son 'yar mai gidan. Shi ma yana sonta, amma maimakon ya faɗa, sai ya zagaya ta bayan aminin ya nemi aurenta wurin uwar, aka ba shi. Aminin bai yi masa ƙorafi ba, bayan 'yan kwanaki ya kashe kansa. Mutumin ya auri yarinyar, ya yi shekaru yana ziyartar kabarin duk wata, bai taɓa gaya wa matarsa dalili ba, har shi ma ya bi sawu.

Wannan labarin cin amana ne da alhaki, da kuma yadda wanda aka zalunta yake iya wayar gari ya ga ya zama irin wanda ya zalunce shi. Abin da ya fi taɓa ni a cikinsa a matsayina na Musulmi shi ne mutumin yana da nadama mai yawa amma ba shi da ƙofar tuba, ba shi da wanda zai ɗaga hannu ya roƙa gafara, kuma girman kai ya hana shi neman afuwar matar da take kwana kusa da shi. Yarinya mai hankali za ta yi sanyi bayan ta karanta wannan, kuma sanyin alama ce ta zuciya mai rai. Shawarata kada ka ƙwace littafin. Ka zaunar da ita bayan sallar isha ka ce ta ba ka labarin da Hausa, sannan ka tambaye ta me ya kamata mutumin ya yi. Amsarta za ta nuna maka inda hankalinta yake fiye da duk abin da zan faɗa. Idan kuwa ka ga ta daina cin abinci, ta guji ƙawayenta, ko tana yawan ambaton mutuwa, to wannan ya wuce batun littafi, ku ja ta a jiki ke nan, kai da mahaifiyarta, ku kai ta ga likita.

Ba kowane littafi zan ba yarinya mai shekarunta ba. *La Ballade de l'impossible* na Murakami, wanda matasa suke yawan yayi, yana da batsa a fili, gara ta jinkirta shi. Ta nemi *La Formule préférée du professeur* na Yoko Ogawa, labarin wata mai aikin gida da ɗanta da wani tsohon malamin lissafi wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe sabon abu fiye da minti 80.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Marwa. Na karanta *Une affaire personnelle* na Kenzaburo Oe, abin da ya dame ni shi ne jarumin kullum yana mafarkin zuwa Afirka, amma babu ɗan Afirka ko ɗaya da ya yi magana a littafin. Wannan ba raini ba ne?

Amsa: Ɗana, ka lura da abin da ya kamata a lura da shi. Afirkar jarumin nan taswira ce da ya saya a kantin littattafai a daidai lokacin da matarsa take naƙuda, babu Marwa a cikinta, babu kasuwa, babu mai jiran albashi. Kana da damar jin haushin cewa nahiyarka ta zama wurin da baƙo yake rataya mafarkinsa, kuma marubutan Turai sun daɗe suna yi mana haka kafin Oe, wanda shi kansa adabin Faransa ya karanta a Jami'ar Tokyo.

Sai dai ka tambayi kanka ko littafin yana goyon bayan mafarkin ne ko yana tona masa asiri. An haifa wa mutumin ɗa mai ƙari a kai, ya ji tsoron ɗawainiya za ta ɗaure shi har abada, ya koma ga giya da tsohuwar budurwarsa, har ya amince a riƙa ba jaririn ruwan sukari maimakon madara don ya mutu a hankali. Duk lokacin da ya ambaci Afirka, gudun wannan jaririn yake yi, saboda haka rainin ya fi komawa kansa. Oe ya san abin da yake faɗa, domin an haifi ɗansa Hikari a 1963 da irin wannan lalura, littafin ya fito a 1964, yaron ya rayu ya zama mai tsara kiɗa, uban kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1994. Inda ni nake da ja da littafin shi ne shafukansa na ƙarshe, inda jarumin ya dawo da jaririn asibiti, tiyata ta yi kyau, surukai suka yaba masa, komai ya daidaita cikin gaggawar da ba ta dace da duhun da aka ratso ba. Idan malaminku ya ba ku zaɓin abin da za ku yi nazari a kai, ka ɗauki batun taswirar, ka bi duk wuraren da aka ambace ta, ka rubuta abin da yake faruwa da jaririn a kowane wuri.