Amsa kan "Vill." da ke bayan sunan tsiro

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar "Vill." da ka gani a ƙarshen sunan Berardia subacaulis. Gajarta sunan Dominique Villars ne, mutumin da ya bayyana tsiron ya raɗa masa wannan suna. Haka masana tsirrai ke yi, a san wanda ya sa sunan.

An haifi Villars a 1745 a ƙauyen Le Noyer, cikin tsaunukan Alps na kudu maso gabashin Faransa. Kiwo ya yi yana yaro, kuma ni wannan ne ya fi burge ni: a bayan dabbobi ya fara sanin ganye, tun kafin ya zama likita a birnin Grenoble. Littafinsa kan tsirran yankin Dauphiné ya fito a juzu'i 3 tsakanin 1786 da 1789. Ya rasu a Strasbourg a 1814.

Shi tsiron kuwa abin kallo ne. A kudu maso yammacin Alps kaɗai yake fitowa, can sama cikin tsakuwar da ke gangarowa daga duwatsu. Kusan ba shi da kara, abin da "subacaulis" ke nufi ke nan. Ganyensa masu kauri a manne suke da ƙasa, lulluɓe da farin gashi kamar auduga, furen kuma yana zaune a tsakiya. Doguwar saiwarsa ce ke riƙe shi idan tsakuwa ta motsa.

"Berardia" kuma don girmama Pierre Bérard ne, wani mai haɗa magunguna a Grenoble da ya rayu tun kafin zamanin Villars.