Zakami a bayan turke: in cire ko in rabu da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam Likita. Ina kiwon raguna da jaki ɗaya a bayan gida. Bana zakami ya cika jujin da ke jikin katangarmu, har ya yi 'ya'ya. Maƙwabcina ya ce in rabu da shi, wai dabba ba ta cinsa. Amma ina ganin yara suna wasa da ƙwallayen nan masu ƙaya. Shin da gaskiyarsa? Daga mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Maƙwabcinka ya faɗi gaskiya, amma guntuwa. Ragon da ya ƙoshi ba zai kula ɗanyen zakami ba, warin ganyen da ɗacinsa sun isa su kore shi. Abin da nake jiye maka shi ne lokacin da zakamin ya ɓuya. Yaro ya je yankan ciyawa, lauje ya haɗa da shi, a shanya, a ɗaure cikin harawa. In ya bushe warin yana tafiya, gubar kuwa tana nan daram. Haka in 'ya'yan suka shiga dawa ko waken soya wajen sussuka, aka niƙa aka yi dusa. Sai kuma ƙarshen rani, lokacin da yunwa ke sa dabba ta ci abin da take ƙi da kaka.

A cikin dabbobinka jakin nan na fi ji. Doki da jaki ba su da juriyar wannan guba kamar tumaki da awaki, domin tana tsayar musu da motsin hanji. Za ka ga ya ƙi abinci, ciki ya kumbura, babu kashi, yana harbin cikinsa yana birgima. Rago kuma baki ya bushe, baƙin ido ya buɗe, numfashi sama-sama, yana tangaɗi. Da ka ga haka, kwashe abincin da ke gabansu duka, ka kira malamin dabbobi, ka ajiye masa ragowar harawar ya duba.

Yaran su ne babbar magana. Ba banza Bahaushe ya sa wa tsiron nan suna haukata-yaro ba. Daga saiwa har fure akwai guba, amma ta fi taruwa a 'ya'yan. Sinadaran su ne atrofin da danginsa, kuma ƙarfinsu ya bambanta daga wannan gindi zuwa wancan. Shi ya sa nake jin takaicin samarin da ke jefa shi a zoɓo ko kunun zaƙi ranar biki, suna cewa sun san awo. Babu wanda ya san awonsa. Tafasawa ma ba ta kashe shi. A 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, garin kunun agaji da 'ya'yan wannan tsiro suka gurɓata ya kwantar da mutane sama da 200, biyar suka rasu, kuma dafaffe suka sha.

Alamun kan fara ne tsakanin rabin awa zuwa awa guda. Maƙogwaro ya bushe, jiki ya yi zafi rau babu gumi ko ɗigo, ido ya ƙi haske, zuciya na bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Sai sambatu. Za ka ga yaro yana tsintar abin da babu a jikin tabarma, yana hira da mutanen da ba ka gani, bai gane uwarsa ba. A nan ne gidaje da yawa ke cewa iska ce, a zauna ana hayaƙi har gari ya waye. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai. Wanda hankalinsa ya gushe yana iya shaƙewa abin ya gangara huhu. A rage masa kaya, a shafa masa ruwa a jiki, a tafi da reshe ko ƙwallon da aka samu a hannunsa don likita ya gani. Ruɗewar takan kai kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kuma yawanci in ya farfaɗo ba zai tuna komai ba.

Don haka cire shi, Malam, yau ba gobe ba. Sa leda ko safar hannu, ka fara tsinke ƙwallayen cikin buhu kafin su fashe, sannan ka tumɓuke shi da saiwa. Kada ka murza ido sai ka wanke hannu da sabulu. Haƙa rami mai zurfi ka binne, kada ka cinna masa wuta a tsakar gida, hayaƙinsa ma yana bugarwa. Takin jujin nan kuma kada ka kai shi gona bana, irin zakami yana shekaru a ƙasa bai mutu ba. In ruwa ya sauka baɗi ka sake zagaya wurin da fartanya tun yana ganye biyu.