Awa Nawa Ne Daga Yamai Zuwa Jidda?

Malam, zan kai mahaifiyata Umra. Ba ta taɓa hawa jirgi ba, ga ciwon gwiwa. Awa nawa ne daga Yamai zuwa Jidda? Wai ta Kano ya fi kusa? (Daga Birni, Damagaram)

Allah ya yi miki albarka, ƴar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa na Sarki Abdul'aziz na Jidda kusan kilomita 4,000 ne, awa biyar da rabi zuwa shida idan jirgi bai yada zango ba. Daga filin Malam Aminu Kano kuwa kusan 3,400 ne. Ratar a sama ba ta kai awa guda ba. Wahalar Inna a ƙasa take: Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900, wuni cur cikin bas, alhali Kano ba ta wuce 250 ba. Amma kada ki yanke shawara sai kin ji halin da iyakar Nijar da Najeriya take ciki. Ranar sayen tikiti ki nema mata keken guragu da kujerar bakin hanya, don ta riƙa miƙe ƙafa.

Takardata ta ce tashi ƙarfe 1 na rana, sauka 8 da rabi na dare. An ce mini awa biyar da rabi ne. An cuce ni ko? (Daga Zengu)

Haba ƙanena! Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Cire ka gani.

Wani a WhatsApp zai rage mini jaka 150 a kan kuɗin tikitin kamfanin jirgi. In biya? (Daga Sabon Gari)

Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Mutumin da zai yi rabin awa yana ciniki a kan buhun gero a kasuwar Dole, shi ne zai tura wa baƙon da bai taɓa gani ba kuɗin gona guda saboda ya ga hoton jirgi a waya. Abin yana ba ni takaici.

Yawancin abin da irin waɗannan mutane suke turowa takardar kama wuri ce kawai. Za ka ga sunanka, da lambar jirgi, da wasu haruffa shida, sai zuciyarka ta kwanta. Idan ba a biya kamfani ba, wurin sokewa yake yi da kansa, kai kuma ba za ka sani ba sai ka jawo akwati gaban ma'aikaciya a Yamai, dangi sun riga sun yi maka rakiya da addu'a. Lambar tikitin gaskiya alƙaluma 13 ce. Na kamfanin Ethiopian da 071 yake farawa, na Turkish da 235. Ka sa wani yaro mai ido ya shiga shafin kamfanin da kansa ya duba kafin ka cika kuɗi.

Ko da na gaskiya ne, araha ba ta ado. Duba inda zai biya da kai. Ta Istanbul, sai ka yi kilomita 4,000 zuwa arewa kafin a juyo da kai Jidda, ban da zaman jira da kan cinye dare guda a kan benci, inda ruwan gora ma da tsada. Tambayi kilo nawa aka ba ka, kuma ko ana canza rana. Fasfonka ma ka duba yau: in abin da ya rage masa bai kai wata shida ba, ba za su ɗauke ka ba.