Ga ɗan'uwan da ya ce zuciyarsa ta ƙeƙashe

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na karanta ta sau uku, na kife wayar, barci ya ƙi zuwa. Ka ce salloli biyar ɗin nan ba ka fashinsu, azumi ma kana yi, amma zuciyarka kamar dutse, kana ɗaga hannu ka rasa abin da za ka roƙa, har ka soma tambayar kanka wai kai wane ne, me kuma aka kawo ka duniya ka yi. Ka rufe da cewa kana tsoron ko imaninka ne ya gudu. Wallahi kamar cikina ka shiga ka kwafo. Na ga wasu sun ce maka "ka yawaita istigfari" sun wuce. Gaskiya suka faɗa, Allah ya saka musu da alheri, sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni ta hannun mutum abin ya zo mini. Shekara 11 na yi tare da wani bawan Allah da na ɗauka uba, na ɗauka malami. Ba zan kama sunansa ba, kuma waɗanda suka san labarin a cikinku don Allah su rufa. A gabansa na yi karatu, a ƙarƙashinsa na yi aiki, ni ke riƙe masa littafin shige da fice na kuɗi. Idan ya ce mini "madalla" sai in yini kamar wanda aka yi wa bushara da aljanna. Ranar da wasu kuɗi suka yi ɓatan dabo, bai ja ni gefe ya tambaye ni ba. A cikin taro, yaran da ni na koya musu aiki suna zaune, ya cire tabarau yana gogewa da gefen rigarsa, ya ce, "Ashe kura muka ba ajiyar nama." Ko kallona bai yi ba. Gilashin yake ta hurawa yana gogewa, kamar maganar yanayi yake yi. Ni kuwa ina tsaye da biro a hannu, na rasa ko in ajiye shi ko in sa a aljihu, don ban san ko har yanzu biron nawa ne ba. Shekara 11 fa! Na sha kwana a wurin aiki saboda shi, rashin lafiyar mahaifiyata ma ban samu na yi jinyarta yadda ya kamata ba saboda shi. Bayan 'yan watanni gaskiya ta yi halinta, wani na jikinsa ne ya kwashe. Ka san abin da ya yi? Aike ya yi mini, wai a bar wa Allah komai. Kalmar "yi haƙuri" ba ta fito daga bakinsa ba har yau da nake rubuta maka wannan. Kai, bari in bar zancensa, don in na fara ba na tsayawa.

Abin da ya fi sharrin ciwo shi ne abin da na gano a kaina bayan na bar wurin. Ni mutum ne da ba na fashin tsayuwar dare, kowa ya san ni da haka. Sati guda da barina wurin, tsayuwar dare ta tsaya cak. Na ce gajiya ce, na ce baƙin ciki ne. Wata asuba na kabbara ni kaɗai a ɗaki, na kama Fatiha, ina kaiwa "iyyaka na'abudu" sai harshena ya sarƙe. Kai kaɗai muke bauta wa. Wata murya a cikina ta ce, "Da gaske?" Na tsaya hannuna a ƙirji, ƙafafuna suna rawa, ina kallon zanen sallaya, na kasa gaba na kasa baya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai san gari ya soma haske ta ƙasan ƙofa kafin na iya yin ruku'u. A nan na gane cewa kaso mai yawa na ibadata idon mutumin nan nake yi wa. Da idon ya kau, sai na nemi kaina na rasa. Ban san me nake so ba, ban san me na ƙi ba, ra'ayina a kan komai nasa ne na ara. Na yi kusan shekara a wannan hali, ina salla kamar mai biyan bashi.

To ka ga, da ka ce ba ka san ko kai wane ne ba, ni ban ji tsoro a madadinka ba. Ka binciki kanka dai: a idon wa kake rayuwa kafin wannan abin ya same ka? Wata mata ce, ko aiki, ko yabon mutane, ko wani buri da ya rushe? Ba sai ka faɗa mana a nan ba.

Wani ɗan'uwa cikin masu ba ka amsa ya kawo maka "wanda ya san kansa ya san Ubangijinsa" a matsayin hadisi. A yi hattara, Imam Nawawi ya ce bai tabbata daga Annabi (SAW) ba. Amma ka buɗe Suratul Hashri aya ta 19, inda Allah ya hana mu zama kamar waɗanda suka manta da shi sai ya mantar da su kawunansu. Ni wannan ayar ce ta kama ni dumu-dumu. Na sa wani a gurbin da ba nasa ba, sai aka ɓatar mini da ni kaina.

Wanda ya fara jawo ni daga ramin wani abokina ne da ko kusa ba a kiransa malam. Shi ya karanta mini labarin Hanzala da ke cikin Sahihu Muslim. Hanzala fa yana cikin masu yi wa Annabi (SAW) rubutu, amma da ya gamu da Sayyidina Abubakar sai ya ce masa shi Hanzala ya zama munafuki. Dalilinsa, idan suna gaban Annabi ana ambaton wuta da aljanna kamar suna ganinsu da ido, in sun koma cikin iyali da dukiya sai su manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Suka je suka faɗa, Annabi ya ce da za su dawwama a kan halin da suke ciki a wurinsa, da mala'iku sun riƙa musabaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, amma ya Hanzala, lokaci da lokaci. Sau uku ya maimaita. Ina jin wannan na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, abokin nan nawa har ya tsorata. A cikin littafin dai akwai sahabban da suka kai ƙarar cewa suna jin abubuwa a ransu da suke jin nauyin furtawa, aka ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun ce ƙyamar da suka ji wa waswasin ake nufi. Kai da ka zauna ka rubuta mana doguwar tambaya cikin tsoro, wace matacciyar zuciya ce take jin tsoron mutuwarta?

Kuma kada ka ɗauka ƙananan mutane irina kaɗai abin ke kamawa. Imam Gazali a shekarar 1095 shi ne babban malamin makarantar Nizamiyya a Bagadaza, ɗalibai kusan 300 ke zama a gabansa, fadar halifa tana girmama shi. Shi da kansa ya ba da labari cewa ya duba niyyarsa ta koyarwa sai ya tarar neman matsayi da suna ne ke tura shi. Kusan wata shida yana kai-kawo tsakanin ya tafi ko ya zauna, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya daina narkewa a cikinsa, likitoci suka ce wannan daga zuciya ya taso. Ya bar kujerar ya nufi Dimashƙa, bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai 1106 a Naisabur, ya rasu a 1111. Ba cewa nake ka bar aikinka ka shiga duniya ba, don Allah kada ka yi, ni da na zauna ba aiki na san yadda zaman banza ke ƙara wa waswasi ƙarfi.

Maganar dalilin zuwanka duniya kuwa, amsar da za a ba ka ka riga ka haddace ta, Zariyati aya ta 56, ba a halicci aljanu da mutane ba sai don bauta. Ni kuskurena shi ne na ɗauka bauta wani yanayi ne da dole in ji a ƙirji, in tsigar jikina ba ta tashi ba to ban yi komai ba. Alhali kawar da abin cutarwa daga hanya ma sadaka ce. Abin da na yi, na zaɓi aiki ɗaya ƙarami wanda babu mahaluƙin da ya sani, ko matata, na riƙe shi. Watannin farko ban ji komai ba, har haushi nake ji don ba mai cewa madalla. Wannan haushin kansa ya nuna mini girman cutar. Na kuma sayi ɗan littafi, kowane dare in rubuta abu ɗaya da na yi a ranar, a gabansa in rubuta don wa na yi. Kada ka ba kowa ya karanta, don da zarar ka san za a gani za ka fara yi wa kanka kwalliya. Nawa shafukan farko abin kunya ne.

Ruhi kuma kada ka wahalar da kanka wajen son gane haƙiƙaninsa. An tambayi Annabi, amsar tana Isra'i aya ta 85: yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Abin da aka bayyana mana halayen rai ne, mai yawan umarni da mugunta a Suratu Yusuf, mai natsuwa a ƙarshen Fajri, da mai yawan zargin kansa wanda Allah ya rantse da shi a farkon Ƙiyama. Ina jin a nan kake yanzu, ni ma har gobe a nan nake.

Mutumin nan da na ɗauka uba kuwa na gan shi kwanakin baya, ya tsufa, hannunsa na karkarwa. Na gaishe shi, ya amsa kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Ana ta ce mini in yafe. Da baki na yafe ya fi sau ɗari, zuciyar ce ba ta gama sa hannu ba, kuma na daina yi wa Allah ƙarya a kan haka, ina faɗa masa yadda abin yake a sujada. Af, wannan ma ka gwada. In ka rasa abin roƙo, ka faɗa masa da harshenka na gida cewa ka rasa abin roƙo.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai cikin rubutunka, inda ka ce ba ka barci kuma komai ya fita daga ranka. Tun yaushe? In ya haura sati biyu kullum a haka, ga rashin cin abinci, ko tunanin gara ma ka mutu yana zuwa maka, ka je ka ga likita, kada ka tsaya jiran kowa ya ba ka izini. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, kuma yana iya sa salla ta yi nauyi ba tare da imani ya taɓu ba. Ni sai da na ɓata wata takwas ina jin kunya kafin na je, har yau ina cizon yatsa a kan wannan jinkirin. Ka amsa mini wannan tambayar ta barci, ko a nan ko ta saƙon sirri, yau ina kusa da waya har bayan isha'i.