Filin Tambaya da Amsa: Nisan Tafiya Kaɗai Ba Ya Ba Fasinja Matsayi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Aikina yana kai ni ƙasashe masu nisa sau da dama a shekara, kuma ina riƙe da katin zama mamba na kamfanonin jirgin sama uku. Maki suna ta taruwa, amma har yanzu ina matakin farko a dukkansu, alhali kuwa wani abokin aikina da bai kai ni yawan tafiya ba yana da katin zinare, yana shiga zauren hutawa na filin jirgi, ana kuma ƙara masa nauyin kaya. A ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kamfanonin jirgi maki iri biyu suke rubuta wa fasinja. Na farko makin lada ne, wanda ake kashewa a karɓi tikiti ko a sauya kujera. Na biyu makin matsayi ne, wanda ba a sayen komai da shi, aikinsa kawai auna yawan hulɗarka da kamfanin a cikin wani wa'adi, galibi wata 12. Makin da kake gani suna taruwa na lada ne. Na matsayi kuwa, da zarar wa'adin ya cika ba ka kai adadin da ake buƙata ba, yawanci sai lissafi ya koma farko.

Kowane kamfani da ma'auninsa. A tsarin Qantas na Ostiraliya, maki 300 ne ke kai mutum matakin azurfa, 700 matakin zinare, 1,400 kuma matakin filatinam. A tsarin Flying Blue na Air France da KLM ana neman maki 100 domin azurfa, daga nan sai a tara wasu 180 domin zinare. Qatar Airways yana neman 150 domin azurfa, 300 domin zinare. Saboda ma'aunan sun sha bamban, ba a kwatanta adadin wannan da na wancan.

Babbar matsalarka, a ganina, ita ce katunan nan uku, domin taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Manyan kamfanoni da yawa suna cikin ƙawance uku ne: Star Alliance da aka kafa a 1997, inda Ethiopian Airlines da Turkish Airlines da Lufthansa da EgyptAir suke, oneworld na 1999, mai ɗauke da Qatar Airways da British Airways da Qantas da Royal Air Maroc, sai SkyTeam na 2000, wanda ya haɗa Air France da KLM da Delta da Kenya Airways da Saudia. Idan ka hau jirgin kamfani ɗaya, kana da damar ba da lambar katinka ta wani kamfanin da ke ƙawance ɗaya da shi, a zuba makin a can. Wanda ya yi tafiya da Lufthansa yau, da Ethiopian gobe, zai iya tara duka a asusu guda, kuma matakin zinaren da ya samu zai yi masa aiki a dukkan jiragen ƙawancen. Ina kyautata zaton abin da abokin aikinka yake yi ke nan.

Abu na biyu shi ne irin tikitin da ake saya maka. Ka buɗe takardar tikitinka, kusa da lambar jirgi za ka ga wani harafi guda, kamar Y ko M ko Q ko J. Wannan harafin ne ke nuna rukunin farashin da aka biya. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa a sashen ikonomi, su ci abinci iri ɗaya, su sauka tare, amma a kamfanoni da yawa mai tikitin cikakken farashi ya samu cikakken maki, mai tikitin rangwame ya samu rubu'i, ko ma ya tashi hannu rabbana idan jirgin na abokin ƙawance ne. Kowane tsari yana wallafa jadawalin abin da kowane harafi ke bayarwa, kuma tun kafin a biya kuɗi ya kamata a duba shi. Idan ofishinku ne ke sayen tikiti, ka tambayi wanda ke saye wane harafi ya zaɓa.

Tambaya: Malam, na ji ana cewa wanda ya yada zango a hanya ya fi wanda ya tafi kai tsaye samun maki. Da gaske ne?

Amsa: A wasu tsare-tsaren gaskiya ne, domin kowane tashi da sauka lissafinsa daban. Mu ɗauki Flying Blue, wanda ke raba maki bisa zangon nisa. Tafiya kai tsaye daga Amsterdam zuwa New York a sashen ikonomi tana ba da maki 10. Idan aka biyo ta Paris, ɗan gajeren zangon farko yana ba da 5, dogon kuma 10, ya zama 15 ke nan, zuwa da dawowa 30 maimakon 20. A sashen bizines kuwa ninki uku ake yi, saboda haka tafiyar nan ta Paris, zuwa da dawowa, tana ba da 90, saura ƙiris a kai matakin azurfa. Wannan ne ya sa masu zama a gaban jirgi suke hawa mataki da sauri ko da tafiyarsu ba ta da yawa.

Sai dai wannan dabara ba ta aiki ko'ina. Tun daga Afrilun 2025 British Airways ya koma lissafa makin matsayi bisa kuɗin da aka kashe, maki ɗaya a kan kowace fam ɗaya, inda azurfa ke buƙatar 7,500, zinare kuma 20,000. A irin wannan tsari, kuɗin tikiti ne ke kawo yawancin makin, ba yawan zango ba. Ko a inda dabarar ke aiki ma, ba na ba kowa shawarar ya ƙara wa kansa awoyi na jira da haɗarin ɓatan kaya saboda maki biyar, sai fa idan wa'adinsa ya kusa cika kuma ɗan abin da ya rage masa ke nan. Matsayi yana da amfani ne ga wanda zai sake yin tafiye-tafiye a shekara mai zuwa. Wanda ba zai yi ba, katin zai ƙare a aljihunsa bai ci moriyarsa ba.

Tambaya: Na dawo daga doguwar tafiya, amma ban ga an zuba mini maki ba. Sun tafi ke nan?

Amsa: Ba lallai ba ne, Hajiya. Kamfanoni suna karɓar ƙorafi bayan tafiya, amma suna sa wa'adi na watanni, saboda haka kada ki yi jinkiri. Za a nemi lambar tikiti mai alƙaluma 13 da takardar shiga jirgi, don haka a riƙa adana su har sai makin ya bayyana. Ki duba ko sunan da ke tikitin ya yi daidai da na katinki harafi da harafi, domin ɗan saɓani a rubutun suna yana hana na'ura haɗa su. Ki kuma duba wane kamfani ne ainihin ya ɗauke ki, domin sau da yawa wani ke sayar da tikiti da lambarsa, jirgin kuma na wani ne, wanda wataƙila ba ya cikin ƙawancen katinki. Idan kuwa da makin lada kika karɓi tikitin tun farko, yawancin kamfanoni ba sa ba da makin matsayi a kansa.