Ma'anar "Alaihis Salam" da "Sallallahu Alaihi Wa Sallam"

Malam, ka tambayi me ya bambanta su. Duka addu'a ce. "Alaihis salam" roƙon aminci ne ga annabi ko mala'ika, kamar Musa da Jibrilu. "Sallallahu alaihi wa sallam" kuwa, da ake faɗa wa Annabi Muhammad, ta ƙara salati, bisa umarnin Suratul Ahzab, aya ta 56. Abul Aliya, ɗaya daga cikin malaman tabi'ai, ya ce salatin Allah shi ne yabonsa ga Annabi a cikin mala'iku, na mala'iku kuwa addu'a.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne lamiri: Maryam "alaihas salam", biyu "alaihimas salam", uku zuwa sama "alaihimus salam". Sahabi kuwa "radiyallahu anhu". Taƙaitawa zuwa SAW malamai da dama sun ƙi shi, gara ka rubuta cikakke.